Sada da Taswirar Burtali

Sada falken shanu ne a Daura, mutum mai zafin rai. Tun yana saurayi yake koro garke daga Mai'adua ta tsohon burtali, har daminar da ya iske an nome hanyar, gero ya kai kafaɗa. Da ya bincika, aka ce masa ofishin filaye ne ya raba.

Mai kula da takardun ofishin kuwa Ikrima ne, yayan Hadiyya, matar Sada. Sada ya same shi a teburinsa.

"Yaya Ikrima, taswirar burtali nake son gani."

Ikrima ko ɗagowa bai yi ba. "Nan ba kasuwar kara ba ce, Sada. Takardar gwamnati ba ta mai sanda ba ce."

Maganar ta tsaya wa Sada a rai. A rediyo ya ji cewa doka ta ba talaka damar neman bayanan hukuma, sai ya sa wata lauya, Rauda, ta rubuta wa ofishin. Suka yi kunnen uwar shegu. Ta kai ƙara, alƙali ya ce a bayar.

Ikrima ya bayar, amma da mugunta. Ya sa aka ɗauki hoton duk tarkacen ɗakin ajiya, har takardun hutu da na gyaran famfo, aka zuba a filashi. Ya cilla wa Sada.

"Ga shi nan, zauna ka karanta."

Ya san sarai Sada bai yi boko ba.

Rauda ta saka filashin a kwamfuta, manhajar tace takardu ta zaƙulo duk inda aka ambaci burtali. Shafuka suka fito, taswira babu.

"Alhaji, ko ta ɓace, ko an ɓoye," in ji Rauda. "Na'ura ba ta ganin abin da ba a ba ta ba."

Sada ya tare Ikrima a ƙofar masallaci, ya kira shi azzalumi a bainar jama'a. Ikrima ya ce ai jahilci ne ke ɗawainiya da shi. Da ƙyar liman ya raba su. Hadiyya ta yi roƙon su shirya har ta gaji.

Yanzu da mota Sada yake ɗauko shanunsa. Ya sauya masallaci, ya sa Rauda ta sake rubuta wata buƙatar. Ranar sunan jikan Ikrima, Sada ya hana 'ya'yansa zuwa. Hadiyya ce ta tafi ita kaɗai a kan acaɓa.