Bawul Ashirin da Huɗu a Hanyar Kuje

Bawul ashirin da huɗu ne, na tagulla, irin mai hannu da ake ɗaura wa bututu don a tsayar da ruwa ko a sake shi. Inda aka ɗaura su gidan haya ne sabo, sashe shida, a hanyar Kuje. Sai kuma sunana, wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina ginawa a kasuwar kayan gini, tun ina tura baron bokitai daga Mararaba. Sunan nan shi ne a hannun mai gidan, wani darakta a wata ma'aikatar tarayya, ranar da ya shigo shagona ya zube mini bawul uku a kan tebur.

"Malam, jabu ka sayar mini. Bangona duk ya jiƙe."

A gaban 'yan kwangila biyu ya faɗa, suna cikin zaɓar kaya. Suka ajiye, suka ce za su dawo.

Lokacin soja sun koma bariki, kuɗi ya shigo gari, ko'ina ka duba a Abuja bulo ake ɗorawa. Duk wanda ya mallaki sifana ya zama mai aikin famfo. Ni kuwa ban taɓa ajiye jabu ba, don na san ruwa ba ya rufa wa kowa asiri. Na rufe shago, na ɗauki sabon bawul daga kwalin da na ɗebo waɗanda na sayar masa, na ce mu je.

A can muka tarar da mai aikin, ɗan garinsu darakta, wanda na san bara fenti yake yi. Ya riga ya binne rabin bututun a bango, an bi da tayil, ba a ko cika tanki an gwada kafin a rufe ba, saboda masu haya sun matsa za su tare.

Na kwance bawul na farko a banɗaki. Maimakon farin tef ɗin da ake naɗa wa haƙoran bututu, baƙar leda ya yayyaga ya naɗa, ya shafe da fenti. Na biyu da tef, amma a baibai ya naɗa shi, yana murɗa bawul tef ɗin yana warwarewa, har ya dunƙule a baki kamar ƙullin goro. Na uku ya tsage daga gefe.

"Da me ka ɗaure wannan?" na tambaye shi.

"Oga, sai da na sa bututu a hannun sifana na hau kai. Ai na ɗaure shi sosai."

"Tayar tirela ce? Tagulla ce, bawan Allah. Ka hau kanta, ta fashe, ka ce jabu."

Na ce a ba ni wuri. Na goge haƙoran bututun tas. Na bar haƙorin farko a buɗe, na naɗa tef ta ɓangaren da bawul zai juya, ina ja yana kwanciya. Na fara murɗawa da hannu har ya cije. Sannan sifana biyu, ɗaya ta riƙe bututu, ɗaya ta kama bawul ta ƙarshen da ke kusa da mahaɗa, don in ka kama can nesa jikin bawul ɗin kake murɗewa. Juyi ɗaya da rabi na tsaya. Na sa aka tayar da injin ruwa, tanki ya cika, na shimfiɗa busasshiyar takardar siminti a ƙarƙashi, muka tafi sallar la'asar.

Muka dawo, takarda a bushe ƙayau.

Darakta ya duƙa ya shafa, ya miƙe yana kaɗe riga. "To, alhamdu lillahi. A bar maganar."

"Ranka ya daɗe, a kasuwa ka fara ta. Can za ka je ka ƙarasa ta, a gaban mutanen da suka ji."

Ya dubi ɗan garinsu, ya dube ni. "Haba Malam. In na ce shi ne, da wane ido zan kalli mahaifinsa in na je gida salla? Kai ɗan kasuwa ne, za ta wuce."

Wato ni ba ni da uban da ake jin kunya. Ya ma nemi in aiko masa da wasu bawul ɗin a gyara sauran. Na ce duk wanda ɗan garinsu zai taɓa, ba daga shagona zai fito ba.

Bai zo kasuwa ba. Cikin 'yan kwangilar nan, ɗaya ya dawo bayan wata huɗu, yana ɗaga kowane bawul yana auna nauyinsa a tafin hannu kamar bai san ni ba. Ɗayan, mai gina rukunin gidaje a Masaka, ya koma shagon da ke kallon nawa, kuma can yake saye har na bar layin. Na rasa darakta, na rasa babban mai sayena, na sha shekara ana ce mini mai jabu a bayan ido. Ribata bawul guda ne da ba ya yoyo, a banɗakin wani ɗan haya.