Ƙafar Merv da Tukunyar Noelene

Noelene Tuckwell ba mace ba ce mai saurin ƙyama. Tun tana budurwa take dafa wa masu askin tumaki abinci, daga wannan gona zuwa waccan a filayen bakin kogin Murrumbidgee, inda ake yanka rago da sassafe a miƙo mata shi da ɗuminsa a ce ƙarti na jira. Ta wanke tumbi, ta kwashi kashin tumaki daga ƙarƙashin rumfar aski ta zuba wa lambunta, ta riƙe tunkiyar da ƙudaje suka yi wa ƙwai a gindi ana kankare mata tsutsa, sannan ta wanke hannu ta koma kan kwaɓin burodinta. A irin waɗannan rumfuna ta haɗu da Merv, dogo, mara magana, mai aske tunkiya kamar yana tuɓe mata riga. Ya daɗe yana cin abincinta bai ce uffan ba. Ranar da ya ajiye cokali ya ce naman ba laifi, ta gane neman aure ya zo.

Ba laifi ita ce amsar Merv ga komai, kuma ba shi kaɗai ba, haka mazan garin suke. Fari ya cinye rabin garke, ba laifi. Rago ya karya wa mutum haƙarƙari, ba laifi. Noelene ta saba, har takan ce da za a tono kakanninsu a tambaye su ya kwanan kabari, abin da za su ce ke nan.

Da ciwon baya ya matsa masa, Merv ya ajiye aski, suka zauna a ɗan gidansu na gefen gari da 'yan tumaki kaɗan da karensu Rusty. A nan ƙishirwa ta fara damunsa, da yawan fita fitsari, aka auna aka ce ciwon sukari ne, ga hawan jini ya biyo baya. Likitar iyalinsu, Dokta Mendis, ita kaɗai ce likita a garin. Mace ce 'yar siririya mai haƙuri, ta zaunar da su biyun ta ce wannan ba ciwon da ake sha wa magani ya tafi ba ne, zama za a yi da shi, don haka za ta tsara masa yadda za a kula da shi. Ga ƙwayoyin safe da yamma, ga awon jini bayan 'yan watanni, ga mai duba ido, ga mai ba da shawara kan abinci, ga mai duba ƙafa. Ta nanata maganar ƙafa, ta ce ciwon yakan kashe jin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, kullum ya duba tafinsa. A ƙarshe ta tambaye shi abin da shi yake so daga wannan tsari, don a rubuta. Merv ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce yana so ya ci gaba da bin tumakinsa da ƙafafunsa, ba a kan keken guragu ba. Ta rubuta.

Noelene ta ɗauki nata kason da gaske. Ita ce fa wadda jam ɗinta, wato ɓauren da ake dafawa da sukari har ya yi kauri, ya sha cin kyauta a bikin nunin amfanin gona, a wata babbar tukunya mai kauri da ta gada wurin uwarta take dafa shi. Ta ce ba za ta cika gida da ƙamshin sukari mijinta yana haɗiyar miyau ba. Ta wanke tukunyar, ta kai ta rumfar da ke bayan gidansu ta kife a kan wani katako. Shekarar nan tsuntsaye suka cinye ɓauren tana kallo ta taga. Shayinta ma ta daina sa masa sukari, don kada a ce ita tana sha.

Shi kuwa Merv, bayan zaman farko, shi kaɗai yake shiga wurin likita. Haka ake yi. Matar mutum takan jira a cikin a-kori-kura ko ta tsallaka kanti, ba ta bin miji ciki kamar yaron da za a yi wa allura. Yakan fito ya tada mota, ta tambaya, ya ce ba laifi.

Abin da Noelene ba ta sani ba shi ne mai duba ƙafar ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba. Tegan ce, 'yar Clarrie abokin askinsa, yarinyar da ya sha ɗauka a wuya tana jan kunnensa, yanzu ta yi karatu tana zuwa daga babban gari lokaci-lokaci. Merv ya ga ba zai ɗora ƙafarsa mai kaushi da faratan da suka lanƙwashe a cinyar 'yar abokinsa ba. Duk ranar zuwanta sai shinge ya faɗi, ko famfon rijiya ya lalace. In likita ta ce ya cire takalmi ta gani, sai ya ce ai Tegan na kula da wannan. In Tegan ta bugo waya, ya ce likita ta duba kwanan nan. Layi na jiran likita har bakin ƙofa, sai likitar ta yarda da maganar dattijo.

Da zafi ya shigo Noelene ta fara jin wani wari a gidan. Ta ɗauka ɓera ne ya mutu a ƙarƙashin daɓe, ta janye kujeru, ta zuba maganin wanki ko'ina. Ta lura Merv ya fara wanke safarsa da kansa, mutumin da tun aurensu bai san inda sabulu yake ba, kuma da safa yake kwana a wannan zafin. Ta yi masa tsiya, ta ce ko amarya zai yi ne yake koyon wanki. Ya ce wace mace ce za ta kwashe shi.

Rusty ne ya tona. Kare ne da ya san aikinsa: in ƙudaje suka kama tunkiya, tun kafin ido ya gani shi yakan ware ta daga garke ya tsaya a kanta yana ƙugi. Sai ga shi ya bar tumaki yana bin ƙafar hagun Merv, in an kore shi ya dawo. Wata ranar da rana tsaka Noelene na shanya ta ji wannan ƙugin a ƙofar rumfar baya. Babu tunkiya a wurin. Ta ajiye kwandon ta tura ƙofar.

Warin ne ya fara tarbarta. Merv na zaune a kan buhun ulu, wandonsa a naɗe, ƙafarsa ta dama a cikin takalmi, ta hagu kuwa a cikin tukunyar uwarta. Ya cika ta da shuɗin maganin nan da ake jiƙa wa tumaki kofato in ya ruɓe. Almakashin gyaran kofato na hannunsa. Da ya gan ta ya zaro ƙafar da sauri, ta ga abin da yake ɓoyewa: rami a ƙarƙashin 'yan yatsu, gefensa fari ya jiƙe, tsakiyarsa baƙi, mugunya na bin shuɗin ruwan tana ɗiga. Ƙaramin yatsan ya yi launin gawayi. A bakin ramin wani abu fari yana motsi, ta san ko mene ne, ta sha kankare irinsa. A ƙasa ga 'yan guntayen fatar da ya yanke, ƙudaje sun rufe su.

Matar da ta wanke tumbin raguna ba iyaka ta juya ta yi amai a gindin ɓaure.

Da ta dawo ya ce mata ƙaya ce ta shige shi tun kwanaki, bai ji ba, kuma ba ya ciwo ko kaɗan, to mene ne na tada hankalin mutane. Ya ce ya warkar da kofato dubbai da wannan maganin.

"Kai tunkiya ne?" in ji ta.

"Nama nama ne, 'yar tsohuwa."

"A tukunyar uwata, Merv."

"To ai ba kya amfani da ita."

Wannan maganar ta fi ramin tayar mata da zuciya. Ta tuna ɓauren da tsuntsaye suka cinye, da shayin da take sha salam, da zaman da take yi a mota cikin zafi tana jin daɗi wai mijinta na bin tsari. Ashe ita kaɗai take bi. Ta ɗauko tsohon tawul ta naɗe ƙafar tana kau da kai, ta ce ya shiga mota. Ya ce ranar ganin likitarsa ba ta zo ba. Ta ce ta zo.

A ɗakin jira suka tarar da Clarrie da wasu tsofaffi, kowa da hularsa a gwiwa. Clarrie ya dubi tawul ɗin ya dubi Noelene, ya ce a'a, yau an rako yaro makaranta ke nan, ko an ba shi abincin tara a jaka? Aka yi dariya. Ya tambayi Merv ya jiki, Merv ya ce ba laifi. Shi ma Clarrie, da ke numfashi da kyar kamar tsohon famfo, ya ce nasa ba laifi. Noelene ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin abin da kowanne ya ƙunsa a cikin takalmi ko a ƙarƙashin riga, ta ji kamar ta sake fita waje. Ba a jima ba warin ya isa, dariyar ta mutu, wata mata ta ja ɗanta ta koma kusa da taga.

Da aka kira sunansa Noelene ta miƙe tare da shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce ta zauna, kada ta kunyata shi a gaban mutane. Ta riga shi shiga.

Dokta Mendis ta fara tambayar yaya sukarin, Merv ya buɗe baki, Noelene ta tare shi.

"Kada ki tambaye shi komai, Dokta. Ki warware tawul ɗin. Tegan ba ta taɓa ganin ƙafar nan ba, ke ma haka."

Likitar ta durƙusa ta warware. Ba ta yamutsa fuska ba, amma ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta taɓa nan ta taɓa can tana tambaya ko ya ji, bai ji ba. Ta ce laifinta ne da ta karɓi magana a maimakon ta gani da ido. Ta gaya masa ƙarara cewa yau zai tafi babban asibiti, kuma ba ta yi alkawarin zai dawo da ƙafar ba. Ta tuna masa abin da ya ce yana so ranar farko. Merv ya dubi hularsa, bai ce ba laifi ba.

Yatsu biyu aka cire, da wani yanki na gefen tafin. Ƙafar ta tsira da kyar. Da ya dawo aka sake zama a kan tsarin, wannan karon Tegan na wurin, kuma aka sa sunan Noelene a matsayin mai duba ƙafar kullum, domin likita ta ce ba za ta ƙara dogara da bakinsa ba. Noelene ce kuma ke riƙe da ranakun ganin likita da sauran masu duba shi, ita ke tuƙa shi, ta shiga ta zauna.

Merv ya yi makonni ba ya yi mata magana sai dole, wai ta zubar masa da mutunci a gaban Clarrie. Amma kowace yamma, kafin rana ta faɗi, yakan zauna a baranda ya cire safa ya ɗora ƙafar a kan ɗan benci. Noelene takan sa tabarau ta duba tsakanin yatsun da suka rage, ta shafa mai a dunduniya, tana numfashi ta baki. Har yau zuciyarta na tashi in ta zo kan tabon, ba ta kuma ɓoye masa. Yana bin tumakinsa da ɗingishi, cikin wani faffaɗan takalmi da aka ɗinka masa, Rusty na gaba ya koma kan aikinsa.

Tukunyar kuwa, ta sa shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai juji. Ya ce in an goge da toka za ta fita tas. Ta ce ya kai.