Sunan da Kaka ta ƙi faɗa wa waya

Jiya na ajiye waya a kan tabarma a gidanmu na Unguwar Shanu, ina naɗar muryar Kaka saboda 'ya'yana. Tana ta ba ni labarin marigayi kakanmu, amma "shi" kawai take cewa.

Na ce, "Kaka, ki faɗi sunansa mana, don 'yan baya."

Ta ce, "Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, sai yanzu zan faɗa wa waya?"

Sai ta lumshe ido, ta kwaikwayi ƙararrawar kekensa idan ya taso daga shago da la'asar, tana murmushi kamar yanzu ya shigo zaure.

Sunan na sani tuntuni. Ƙararrawar ce ban taɓa ji ba.

Ku me kuka adana na tsofaffinku?