Ranar da Kawu Datti Ya Mai da Alama Baya

A bakin Umma na fara jin sunan Datti. Tana tsince shinkafa a tsakar gidanmu na Orozo, take gaya wa Abba cewa ƙanwarta Fadima ta samu manemi, wani ɗan Zariya mai aikin kwamfuta a Wuse, ba ya shan taba, ba ya wasa da sallah. Abba ya ce ai suna ma ya nuna, Datti dattijo ne. Ina aji biyu na sakandare a lokacin. Na riƙe sunan kamar yadda nake riƙe duk abin da aka faɗa a gidanmu.

Datti ɗan malamin firamare ne. Ya shigo Abuja ba da daɗewa da komawa mulkin farar hula ba, da jaka ɗaya da takardar digiri, yana bin ofis-ofis yana gyara kwamfutocin ma'aikatu. Da kuɗin mai suka cika gari, kowace hukuma ta ce sai an yi mata manhaja, sai ya zama shugaban masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani. Ya iya aikin, ba zan hana shi wannan ba. Amma mutum ne da ba a ce masa dakata. Ko a mota ne, in Anti Fadima ta ce ya rage gudu, amsarsa ɗaya ce: ya san abin da yake yi.

Bayan ya auri Anti Fadima, shi ya samar wa Yaya Hanif aiki a ƙarƙashinsa, kuma bai taɓa bari mun manta ba.

Yaya Hanif ne ya bayyana mini yadda suke aiki, wata Asabar ina yi masa guga. Ya ce mutane da yawa ne ke rubuta abu guda, kowa a kwamfutarsa, sannan su tura babbar na'urar ofis da suke kira saba. A can ayyukan suke jeruwa ɗaya kan ɗaya, jerin kuma suna ce masa reshe. Sunan reshen alama ce kawai da ke nuna inda aikin ya tsaya, kamar tsinken da Umma ke sawa a Alƙur'aninta. In ka zo turawa alhali wani ya riga ka ƙara nasa, na'urar za ta ƙi, ta ce ka jawo nasa ka haɗa da naka tukuna. Sai dai akwai umarnin tilas. In ka ba da shi, alamar za ta koma inda kake so, duk abin da ya rage a gabanta ya zama maras mai shi. Yana nan ɓoye na ɗan lokaci, mai riƙe da mabuɗin saba zai iya dawo da shi. In aka bar shi, na'urar za ta share shi da kanta.

Wata Alhamis Yaya Hanif ya tura aikin da ya shafe watanni yana yi wa wata hukuma. Washegari bai je ofis ba, ya kai Abba asibiti. Da yamma ya fita sayo magani, ya shiga motar 'yan wancans a Nyanya, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja, suka mammake shi, suka ƙwace jakarsa har da laftof ɗin ofis, suka wurgar da shi gefen titi. Ya dawo leɓe a kumbure, amma yana ta hamdala, wai ai aikin yana kan saba.

Ranar Litinin aka duba, babu komai. Reshen yana inda yake tun kafin ya fara.

A gaban manaja aka yi zaman. Kawu Datti ya ce shi bai taɓa ganin wani aiki ba, dama ya lura yaron yana wasa, kuma wannan zance na ɓarayi kowa ya san irinsa. Bai ce Yaya ya sayar da laftof ba. Ya bari manaja ya faɗa, shi kuwa yana ta taunar goro. A ranar aka sallami yayana.

Da daddare Kawu Datti ya zo gidanmu da kankana, ya zauna kusa da Abba yana ba shi haƙuri, wai yaran yanzu sai addu'a. Abba ya kira Yaya Hanif, ya ce ya kunyata shi a gaban mutumin da ya rufa musu asiri. Yaya ya rantse. Abba ya ce kar ya ƙara sa sunan Allah a cikin ƙaryarsa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, har Abba ya rasu a damina ta gaba.

Bayan rasuwar ne Christina ta neme mu. 'Yar Kafanchan ce, teburinta a ofis na kusa da na Kawu Datti, kuma ta ajiye aiki za ta koma gida aure. Ta same mu a shagon gyaran waya da Yaya ya buɗe a Mararaba. Ta ce ranar Juma'ar nan Oga Datti yana sauri, yana so ya tura gyaransa kafin a tafi masallaci don baƙi za su zo daga hukumar. Na'urar ta ƙi. Ta leƙa ta ga dalili.

"Na ce, Oga, akwai aikin mutum a gaba, ka ja shi tukuna. Ya ce, Christina, ke kike koya mini aiki?"

Ya buga umarnin tilas, ya ɗauki dardumarsa ya fita. Ta ce ran Litinin ta ga lokacin da ya gane abin da ya yi, don fuskarsa ta canja. Mabuɗin saba yana hannunsa. Da ya so, kafin shayi ya huce ya dawo da komai, amma da kowa ya san wanda ya tura. Sai ya zauna ya jira na'urar ta share. Ita kuma tana da ƙanne a makaranta, ta ja bakinta. Tana faɗa tana kuka. Yaya ya ci gaba da kwance wayar da ke hannunsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kawu Datti ya kafa doka a ofis: an toshe tilas a babban reshe, a sauran rassa kuma ba mai matsar da alama sai ya gaya wa na'ura inda ya bar ta, in ta motsa daga nan turawar ta tsaya. Doka ce mai kyau, Yaya da kansa ya ce haka. Da ita Kawu ya yi suna, har ana gayyatarsa yana koya wa matasa taka-tsantsan. Ba wanda ya tambaye shi a ina ya koya.

Yaya ya hana ni gaya wa Umma, saboda Anti Fadima. Na bi maganarsa, amma na daina durƙusa wa Kawu Datti. Ina gaishe shi a tsaye, kuma ya lura.

Ranar sunan ɗan Yaya Hanif, wanda aka mai da wa sunan Abba, Kawu Datti ya zo cikin farar shadda, ya ɗauki jaririn ya yi masa addu'a mai tsawo. Da zai tafi ya aiko a kira ni. Na same shi jingine da motarsa, yana juya makulli a yatsa, bai dube ni ba.

"Nabila, na san ke ce mai riƙe zancen gidan nan. Yaran nan za su girma, za su tambaye ki me ya raba babansu da aikin ofis. Ki ce musu na'ura ce ta ci aikin. Ki yi mini wannan, don darajar Antinki."