Mai Makulli da Ɓarawon da Ba Ya Sata

Duk layin nan ba wanda bai san Mai Makulli ba, kuma duk layin ba wanda zai ce maka ya taɓa riƙe makullinsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da robobi. Benci ɗaya, injin yanka makulli ɗaya, magagari manya da ƙanana a jere, sai allon ƙusoshi da ke ɗauke da makullan da ba a yanka ba tukuna. Shi kuma yana tsakiya, gajere mai faɗin kafaɗa, da tarin makullansa a ƙugu. Kafin ka gan shi za ka ji shi, kacau-kacau, kamar akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa.

Aiki kam ba a magana. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma kullum sai ya faɗa: "Makullin da na yanka ba ya dawowa." Amma zargi, wayyo! Mutumin nan ko rigar wuyansa bai yarda da ita ba. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema. Ka wuce ba gaisuwa, ya ce me ka ƙulla. A gida akwai kwaɗo a ɗakin ajiya, kwaɗo a akwati, da wani ƙaramin kwaɗo a kan gwangwanin da ke cikin akwatin. Ko wanka zai shiga da makullan yake shiga, ya rataye su har da ɗamarar a ƙusa kusa da kansa. Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ta daɗe da daina magana a kai. In tana son sabulu daga ɗakin ajiya sai ta jira ya dawo ya buɗe mata da hannunsa.

Da shekaru suka ja, sai ido ya fara ba shi matsala. Da fari kamar hayaƙi-hayaƙi, daga baya haƙoran makulli suka riƙa haɗe masa wuri guda. 'Yarsa Auta ta ja shi asibiti da kuka da magiya. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idon, sai an yi aiki, kuma in aka ƙara jinkiri na dama zai tafi, na hagu ya bi shi. Mai Makulli ya saurara tsaf, sannan ya yi tambaya ɗaya tak: in za a yi aikin, da makullansa zai shiga? Likita ya yi dariya ya ce ko zobe ba a shiga da shi, sai dai ya ba wani ya riƙe masa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mai Makulli ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce zai yi shawara.

Ana cikin haka kuma sai ya lura ana shiga masa shago.

Tun da idon ya yi rauni ya saba rufe shago da rana, ya je gida ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa, sannan ya dawo ya ba mutane makullan da ya yanka da safe. To, in ya dawo sai hannunsa ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba. Ƙaramin magagari da ya ajiye ƙotarsa tana kallon dama, sai ya tarar tana kallon hagu. Benci ya ɗan matsa. Ya saƙala tsinken tsintsiya a jikin ƙofa, ya dawo ya same shi a ƙasa. Ya laluba komai, ko ƙusa ba ta ɓace ba, kuma wannan ne ma ya fi tayar masa da hankali. Ɓarawon da ya shigo bai ɗauki komai ba, ai babban abu yake jira.

Ya tambayi mai gyaran waya ko ya ga wani. Ya ce, "Ni? Ban ga kowa ba, Baba," ya sunkuyar da kai kan aikinsa da sauri. Mai robobi kuwa tari ne ya sarƙe ta. Mai Makulli ya ce a ransa, to, ashe bakinsu ɗaya. Ya sauya kwaɗo. Kwana kaɗan tsinke ya sake faɗuwa.

A tsakiyar wannan ne surukinsa, mijin Auta, ya fara zuwa shagon da yamma. Mutum ne mai sanyin magana, sana'arsa koyar da tuƙin mota. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a bakin benci, ya ce, "Baba, akwai wata hanya da nake bi da ɗalibaina masu tsoron sitiyari. Wani zai zo ya ce shi kansa ba ya ɗauka, wata ta ce a gidansu ba a iya tuƙi. Ba ƙafarsu ce matsalar ba, abin da suka ɗora wa ransu ne. Na ce ko za mu gwada."

Mai Makulli ya dube shi, ko in ce ya dubi inda yake. Yaron da bai taɓa zama a shagon nan ba, yau shi ne da zama har da hanya? Ya ce a ransa, ga ɓarawona ya kawo kansa. Sai ya ce, "Ina jin ka."

"Da farko, Baba, mutum ya faɗi abin da ya yarda da shi da bakinsa, ya ji shi da kunnensa. Me ya hana ka ba wani makullinka?"

"Makullin da ya kwana a hannun wani ya zama na wani. Kai, ba sai ya kwana ba. Ka ba ni naka in juya baya, kafin ka gama atishawa na yi masa ɗan'uwa. Ni zan gaya wa mutane wannan, ba su za su gaya mini ba."

"To madalla, an faɗa. Sai kuma mu tambaya, wa ya fara gaya maka haka?"

Tambayar nan ta taɓa wa Mai Makulli wani wuri. Yana saurayi, sabon fara aiki a hannun maigidansa, wani mutum mai tsabtar riga ya kawo makulli ya ce nasa ne, a yi masa biyu. Ashe na amininsa ne, ya karɓa da sunan zai ɗauko masa abu a shago. Aka kwashe shagon tas. Aka zo aka tafi da saurayin da ya yanka, ya sha tambaya da mari kafin gaskiya ta fito. Ranar da ya dawo maigidansa ya kama kunnensa ya ce, amini ma ya yi haka, balle wani. Ya ba surukin labarin a gajarce, yana ba shi yana jin haushin kansa da ya saki baki.

Surukin ya ce, "Allah sarki. To Baba, abin da ke biye shi ne ka nemo ko sau ɗaya da abin bai zama haka ba. Wani da ya riƙe makullinka bai cuce ka ba."

"Babu. Ban taɓa bayarwa ba, ta ina za a samu?"

"Shi ya sa ake gwaji da ƙaramin abu. Ka ba wani makulli ɗaya, na yini ɗaya, ka ga abin da zai faru."

Yawwa! Mai Makulli ya ji kamar ya yi tafi. Duk wannan zagaye-zagayen, ashe nan za a sauka. Ya ce masa ya dawo gobe. Washegari ya ɗauki wani makulli da ba ya buɗe komai a duniya, ya kanga shi a kan kyandir har ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ya sa a kwalin ashana. Duk wanda ya zura shi a kwaɗo, dole ƙarfe ya karce baƙin. Ya miƙa wa surukin ya ce, "Na shago ne. Riƙe mini zuwa gobe."

Gobe ta yi, surukin ya dawo da kwali, ya miƙa da hannu biyu. Yana fita Mai Makulli ya buɗe, ya kai makullin saitin hancinsa. Ya fito rana ya juya shi. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Wallahi bai iya gane ko an karce ko ba a karce ba. Baƙi kawai yake gani, da wani baƙin a kewaye da shi. Ga mai gyaran waya a gefe da lafiyayyen ido, ga mai robobi, amma wa zai tambaya ya yarda da amsarsa? Ya koma ya zauna da kwalin a hannu. Ranar tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun marin da ya sha yana saurayi.

Duk da haka bai saduda ba. Ya ce ko makancewa zai yi, sai ya kama mai shigar masa shago tukuna. Rana ta gaba ya je gida ya ci abinci, ya kwanta ya ja munshari na ƙarya. Ya ji Maman Auta ta ce wa maƙwabciya za ta leƙa kasuwa, ya ji an ja ƙofa. Ya ba da ɗan lokaci, sannan ya naɗe makullansa a tsumma don kada su yi ƙara, ya bi ta bayan layi.

Ƙofar shago a sakaye take, kwaɗo na lilo a buɗe. Daga ciki kuma ƙarar magagari ke fitowa, ƙyas-ƙyas, a hankali, irin ta wanda ya san abin da yake yi. Ya tura ƙofa da ƙarfi ya ce, "Na kama ka!" Mutum na zaune a bencinsa, taku kaɗan tsakaninsu, amma fuskar ta ƙi fitowa. Inuwa kawai yake gani.

Inuwar ta ce, "Ka rufe ƙofar, Baban Auta, kana tara mana jama'a."

Muryar Maman Auta ce. Ya dafa bango ya ce, "Ke? Ina kika samu makulli?"

"Inda ka ɓoye na ajiya. Wannan karon a cikin tsohon takalminka. Kafin nan a bayan madubi, kafin nan a cikin matashin kai." Ta hure makullin da ke hannunta. "Wai kai a zatonka wa ke share gidan nan? Tun shekarar da aka kawo ni ba kwaɗon da ka saya ban san inda 'yan'uwan makullinsa suke ba."

"Har na ɗakin ajiya?"

"Har na gwangwani."

"To me ya sa kike jira na in buɗe miki sabulu?"

"Don ka ji daɗi."

Ta jawo wata roba daga ƙarƙashin benci ta ɗora masa hannu a ciki. Makullai ne fal, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suka gaya masa gaskiya: wannan an zarce, wannan haƙorinsa ya karkace, wannan ko ƙofar kaji ba zai buɗe ba. Duk yankansa ne. Ta ce tun da idon ya fara take zuwa, ta gwada wanda ya yanka da na asali, mai gyaruwa ta gyara, wanda ya lalace ta sake sabo. Ta koya ne tun suna ɗaki ɗaya, lokacin da injin ke bakin gado tana riƙe masa fitila. Maƙwabta duk sun sani, ita ta roƙe su su yi shiru.

"Kana cewa makullinka ba ya dawowa," in ji ta. "Ban so ranar da zai dawo ta same ka a gaban mutane ba. Amma na gaji, Baban Auta. Ni ma idona ba na yarinya ba ne. Ka zaɓa, ko ka je a yi maka aiki, ko in bar su su fara dawowa."

Kunya ta rufe shi, da haushi. Ya zauna a ƙasa, a kan garin ƙarfe. Abin da surukinsa ya ce ya nemo ya ce babu, ga shi zaune a kan bencinsa, kuma shekara da shekaru da shi yake kwana yake tashi.

Ranar aikin, wata nas ta ba shi rigar asibiti ta ce ya cire komai. Ya daɗe yana fama da zoben makullan, don ya yi shekaru bai bar ɗamararsa ba, har ya yi mata gurbi. Surukin ya matso zai taimaka, Mai Makulli ya ce, "Kai, tsaya can, malamin tuƙi." Hali dai ba ya tafiya rana ɗaya. Da ya cire, ya laluba hannun Maman Auta ya danƙa mata.

Ta ce, "Ai ina da nawa."

Ya ce, "Na sani. Riƙe dai."

Da aka zo cire masa bandeji, haske ya fara dukansa, sannan abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya: ƙarfen gado, labule, fuskar Auta tana hawaye. Maman Auta ta miƙo masa makullansa tun bai tambaya ba. Bai kalli makullan ba, hannun ya kalla. Babban yatsanta duk karce ne, tsoho da sabo, farcen ya cinye ta gefe ɗaya, ga garin ƙarfe ya zauna a cikin tsagar fata. Irin hannunsa ne sak.

Ya naɗe mata yatsun a kan makullan, ya tura hannun a hankali zuwa cinyarta. Ya ce, "Likita ya ce kar in ɗauki abu mai nauyi."