Amalanken Ɗan Kawuna

Wurin maigida ɗaya muka koyi walda a Konni, ni da ɗan kawuna, kuma kowa ya san na fi shi hannu. Da muka kama gashin kanmu, rumfarsa tana kallon tawa, dukanmu amalanken jaki muke ƙerawa. Nawa irin na maigida ne, ƙarfe mai kauri, dogarai huɗu na tokara a ƙasa, ga ado a gefe. Sai ƙarti sun haɗu suke ɗaga shi.

Shi kuwa wata rana ya kife nasa, ya zauna yana ta kallo. Ya cire dogarai biyu, ya bar yin ado, ya sa bututu inda nake sa ƙarfe marar rami.

Na tsallaka na ce, "Wannan amalanke ne ko gadon kara?"

Ya ce, "Yaya, jaki ka jan shi hwa, ba raƙumi ba."

Na yi dariya, amma kafin kaka dariyar ta ƙare. Manoman Illela suna zuwa, su shafa nawa, su yaba, su ce aiki ya yi aiki, sannan su tsallaka su saye nasa don ya fi araha. Ina zaune ina jin ƙarar injinsa har cikin haƙorana. Ko shayin da yake aiko mini sai dai ya huce a gefe.

Ran nan aka ce wani nasa ya karye a Malbaza da lodin siminti. Har aski na yi, na share rumfa, ina jiran mai shi ya zo wurina. Ya zo, amma can ya sauke. Ɗan kawuna ya duba inda ya karye, ya mayar da dogari ɗaya a nan, ya ce daga yau duka haka zai yi su. Mutumin ya ce a ƙera wa ƙanensa ma.

Da na je gida gaisuwa bayan girbi, na tarar da sabon amalanke a ƙofar mahaifina, ba ado. Ban tambaya ba, shi ya fara.

Ya ce, "Naka na da kyau, ɗana. Jakin ne ya tsufa."

Na taya shi sauke damman hatsi.