Injin Wanke Hoton Shekari

Shekari mai hoto ne a unguwar Romi da ke Kaduna, shagonsa na kusa da inda masu Keke ke juyawa. Da wuya a yi biki a unguwar ba a gan shi da kyamara a wuya ba. Abin da ya riƙe sana'arsa shi ne wani tsohon injin wanke hoto da ya saya lokacin da wani sutudiyo ya rufe a Kakuri. Matan zumunta na coci ba su yarda da hoton waya ba. In sun ɗaura anko, so suke kafin a gama rabon shinkafa kowacce ta riƙe nata a hannu.

Injin yana da halinsa. Ba ya karɓar hoto daga kwamfuta sai ta wata tsohuwar hanyar aika fayil da aka daina yayi tuntuni. Ita kuwa kwamfutar tana aiki da manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban ke kula da ita. Shekari ne ya fara kawo ta unguwar Mahuta a faifai, zamanin da shi da abokinsa Nathan ke buga wa ɗalibai takardu a shago ɗaya. Shi ya nuna wa Nathan yadda ake saka ta. Yau Nathan na cikin masu kula da manhajar, har an taɓa gayyatarsa taro ƙasar waje. A coci Injiniya ake ce masa. Shekari kuwa har yanzu "Mai hoto, zo nan." Ranar da Nathan ya yi godiyar dawowa lafiya, cikin hotunan da Shekari ya ɗauka, wanda idon Nathan ya rufe rabi shi ya zaɓa ya wanke.

Wata Lahadi bayan sujada Nathan ya biyo shago da labari. Ana muhawara a shafin intanet na masu kula da manhajar a kan cire tsohuwar hanyar daga cikinta. Wasu sun ce ƙofa ce a buɗe ga ɓarayin intanet, kuma babu mai lokacin ci gaba da toshe ta. Wasu sun ce akwai wuraren da tsofaffin injuna ke ciyar da iyali. An tsaya a kan cewa duk mai amfani da ita ya fito ya faɗa, ya kuma yarda a riƙa gwaji a injinsa. In ba a samu kowa ba, za a cire.

"Mutumina, ka shiga shafin ka rubuta. Ni na yi magana, amma ba ni da injin."

"Wato in je in tsaya gaban duniya a matsayin talakan Nathan?"

"Wa ya ce haka?"

"Oga Injiniya, ai ku ne manya. Ku gyara mana."

Nathan ya yi dariya, a zatonsa tsokana ce irin ta da.

Shekari bai rubuta ba, amma kullum sai ya buɗe shafin. Ya ga inda Nathan ya ce akwai wani mai hoto a Kaduna da ya dogara da hanyar, ya ga mutane na yaba masa da tunawa da ƙananan masu sana'a. Rashin ambaton sunansa ya ƙona masa rai, ya kuma san da an ambata ma da ya fi ƙonuwa. Matarsa Gloria ta gaji da tsakin da yake yi a gaban kwamfuta.

"Baban Hadassah, injin nan naka ne ko na Nathan?"

Ya ce mata ba za ta gane ba.

Ba wanda ya fito, aka cire. Shekari ya daina sabunta manhajar, ya ci gaba da aiki da tsohuwar, yana gaya wa kowa cewa shi bai taɓa buƙatar alfarmar wani ba. Haka ya lallaɓa har damina, ranar da aka kawo wuta da ƙarfi bayan ruwan sama ta ƙone kwamfutar. Sabuwar da ya saya ta ƙi karɓar tsohuwar manhaja, injin kuma ya ƙi jin yaren sabuwar manhajar.

Nathan ya aiko cewa zai zo ya gwada ko akwai dabara. Shekari ya ce masa aiki ya yi yawa a makon nan.

Yanzu in ya ɗauki hoto sai ya haye gada ya kai a wanke masa a cikin gari, masu biki su karɓa washegari, waɗanda ba su haƙura ba. Injin na nan a kusurwa, Gloria ta lulluɓe shi da zani, a kansa take ajiye kular abincinsa.